Kumburin Muƙamuƙi: Yadda Sauro da Bairas Ke Taruwa a Kan Ƙwayar Halitta Guda

A shekarar 1957, a asibitin Mulago da ke birnin Kamfala na ƙasar Yuganda, aka kira wani likitan fiɗa mai suna Denis Burkitt domin ya duba wani yaro ɗan kimanin shekara biyar. Fuskar yaron ta kumbura har ta sauya kama. Muƙamuƙinsa na sama da na ƙasa, dama da hagu, duk sun tasa, haƙoransa kuwa sun yi girgiɗi kamar za su zube. Likitan bai taɓa cin karo da ciwon da zai kama kusurwoyi huɗu na baki a lokaci guda ba. Ya ɗauki hoton yaron, ya rubuta abin da ya gani, ya ɗauka abin mamaki ne irin wanda likita kan gani sau ɗaya a rayuwarsa. Bayan 'yan makonni sai ya je wani asibiti a garin Jinja, ya hango wani yaron da irin wannan fuskar. Da ya lalube cikinsa sai ya ji ƙulli a can ma.

Burkitt mutumin Ayalan ne, an haife shi a 1911, kuma ido ɗaya gare shi, domin ya rasa ɗayan tun yana yaro. Ba shi da ɗakin bincike, ba kuma masanin sankara ba ne. Abin da ya yi shi ne ya koma ga tsofaffin takardun asibiti yana tonawa. Sai ya tarar an daɗe ana ganin waɗannan yara, amma kowane likita yana ba ciwon suna gwargwadon gaɓar da ya ɓulla: na ido a kira shi ciwon ido, na ƙoda a kira shi ciwon ƙoda. Shi ne ya fara tunanin cewa cuta guda ce take sauya masauki. A 1958 ya buga bayanin yara 38 a wata mujallar likitocin fiɗa ta Ingila, kuma kusan babu wanda ya kula. Daga baya wani masanin cututtuka a Kamfala, Gregory O'Conor, ya tabbatar da cewa sankara ce ta fararen ƙwayoyin jini, irin waɗanda suke taruwa a kaluluwa. Yau da sunan Burkitt ake kiranta a duniya baki ɗaya.

Wannan cuta ta cancanci ɗalibi ya tsaya a kanta, domin darussan da jami'a take rarrabawa zuwa azuzuwa daban-daban, wato ilimin ƙananan halittu, da na ƙwayar halitta, da na sinadaran jiki, duk sun haɗu a fuskar yaro guda.

Taswirar da aka zana da mota

Da kuɗin tallafi da bai wuce fam 25 ba, Burkitt ya buga takardu masu ɗauke da hotunan yaran, ya aika wa asibitocin gwamnati da na mishan a faɗin Afirka, yana tambaya ko suna ganin irin wannan. Duk inda aka amsa da e, sai ya soka tsinke a taswira. Tsinkayen suka jeru kamar ɗamara, daga gaɓar teku ta yamma zuwa ta gabas, tare da wutsiya da ta gangara kudu ta gefen gabas.

A 1961 shi da wasu likitoci biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, suka shiga wata tsohuwar mota ƙirar Ford suka yi tafiyar kusan mil 10,000 cikin mako goma, suka ziyarci asibitoci fiye da 50. Nufinsu su gano inda iyakar cutar take. Abin da suka samu ya ba su mamaki. A kusa da tsakiyar duniya cutar takan ɓace idan an hau tudun da ya haura ƙafa 5,000, amma da aka ƙara nausawa kudu sai iyakar ta yi ta saukowa ƙasa. Ashe ba tsayin tudun ne abin lura ba, sanyi ne: inda duk sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15 a ma'aunin santigireti, cutar ba ta cika zama ba. Da Burkitt ya zo Afirka ta Yamma, har da Nijeriya da Gana, sai ya ƙara gano sharaɗi na biyu, wato ruwan sama. Cutar ta yi yawa a kudu mai damshi, ta yi ƙaranci a busassun wuraren da ruwan shekara bai kai inci 20 ba.

Sankarar da ke bin zafi da damshi baƙon abu ne a wancan zamani. Wani masanin ƙwari a Entebbe, Alexander Haddow, ya lura da cewa taswirar ta yi kama da ta cututtukan da ƙwari ke yaɗawa. Daga nan aka fara zargin cewa wani bairas ne da sauro ke ɗauka.

Hazo a Landan

Ranar 22 ga Maris 1961 Burkitt ya gabatar da lacca a asibitin Middlesex na Landan. Cikin masu sauraro akwai Anthony Epstein, wanda ya yi shekaru yana nazarin wani bairas da ke haddasa sankara a kaji. Tun 1911 Peyton Rous ya nuna cewa akwai irin wannan bairas a kaji, amma ba a taɓa samun makamancinsa a ɗan Adam ba, kuma manyan masana da yawa sun ɗauki neman nasa ɓata lokaci. Epstein ya roƙi Burkitt ya riƙa aiko masa da ɗan yanki na ƙullin ta jirgin sama.

Fiye da shekara biyu ana aikowa, ba a ga komai ba. A Disamba 1963 hazo ya rufe Landan, aka karkatar da jirgin zuwa Manchesta, saƙon ya makara. Da ya iso, ruwan da aka jiƙa naman a ciki ya yi gurɓi, alamar da kowa zai ce bakteriya sun ɓata shi. Maimakon ya zubar, Epstein ya ɗiga shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Babu bakteriya. Ƙwayoyin sankarar ne da girgizar doguwar tafiya ta kakkaɓe, suna yawo ɗaiɗai a cikin ruwan. Wannan ya nuna masa yadda za a raine su: a bar su suna shawagi kamar yadda fararen ƙwayoyin jini suka saba. Tare da ɗalibarsa Yvonne Barr suka yi nasarar rainon, kuma a farkon 1964, da taimakon Bert Achong, aka duba su da madubi mai aiki da lantarki. Sai ga bairas a ciki, ɗan gidan su bairas ɗin da ke kawo ƙaranbau. An buga labarin a Maris 1964, aka raɗa masa suna Epstein-Barr. A daidai wannan lokaci, a asibitin koyarwa na Ibadan, Robert Pulvertaft ya raini irin waɗannan ƙwayoyi daga wani yaro ɗan Nijeriya, kuma jikokinsu na nan a ɗakunan bincike na duniya har yau.

Nan ne fa tambaya mai wuya ta taso, irin wadda malaman ilimin ƙananan halittu ke son yi wa ɗalibai. Wasu masana biyu, mata da miji, Gertrude da Werner Henle na Filadelfiya a Amurka, sun ƙirƙiro gwajin jini da ke nuna ko mutum ya taɓa kamuwa da bairas ɗin. Duk yaran da ke da sankarar sun nuna alamar. To, amma lafiyayyun yaran Afirka ma sun nuna, haka manyan Amurka, haka kusan kowa. Yanzu an san fiye da mutum 90 cikin 100 na manyan duniya suna ɗauke da shi har ƙarshen rayuwarsu. Ba kuma sauro ke yaɗa shi ba, ta miyau yake wucewa, alal misali idan uwa ta tauna wa jariri abinci. A 1967 wata ma'aikaciyar ɗakin binciken Henle ta kwanta da zazzaɓi mai kumbura kaluluwa, kuma jininta da a da ba ya nuna alamar sai ya fara nunawa. Ta haka aka gane cewa a ƙasashen Turawa, inda akan kamu da shi a makare, abin da ya saba jawowa ke nan, zazzaɓin 'yan makonni.

Wato dai zato marar tushe ne ya kai Epstein ga gaskiya. Amma ta yaya abin da ke jikin kowa zai zama sanadin cutar da 'yan ƙalilan ke samu cikin kowane yara 100,000? Kuma me ya sa take bin damina?

An koma ga taswira. Sauron dai yana da hannu, sai dai kayan da yake ɗauke da shi ba bairas ba ne, zazzaɓin cizon sauro ne. Ɗamarar Burkitt ta dace da yankunan da maleriya ba ta yankewa rani da damina. A tsibirin Zanzibar, inda aka yi yaƙi da sauro sosai a wancan lokaci, cutar ta yi ƙaranci duk da zafi da damshi. A can Fafuwa Niyu Gini kuwa, inda maleriya ke da ƙarfi, an same ta. Daga 1972, a yankin Yammacin Nilu na Yuganda, wata tawaga ƙarƙashin Guy de-Thé ta ɗebi jinin yara kusan 42,000 ta adana, ta zauna jira. Yaran da sankarar ta kama daga baya, an tarar tun da fari jininsu ya nuna alamar bairas ɗin da ƙarfi fiye da na tsaransu.

Shafin da aka ɗinke a inda ba nasa ba

Sauran bayanin yana can cikin cibiyar ƙwayar halitta. Kowace ƙwaya ta jikin mutum tana da kuromosom 46, bibbiyu, kuma za a iya ɗaukar kowanne a matsayin kundi da aka rubuta umarnin gado a cikinsa da sinadarin DNA. A 1972 George Manolov da Yanka Manolova suka lura da cewa a ƙwayoyin wannan sankara, kuromosom na 14 ya fi yadda ya kamata tsawo. A 1976 aka gano cewa ƙarin daga na 8 ya tsinko. A 1982 aka gano abin da ke rubuce a guntun: umarnin gado mai suna MYC, wanda aikinsa shi ne ya ce wa ƙwaya ta ci, ta girma, ta rabu biyu.

Umarnin MYC ba mugu ba ne. Ba don shi ba da rauni bai warke ba, da yaro bai girma ba. A mazauninsa na asali akan buɗe shafin ne idan buƙata ta taso, a karanta, a rufe. Matsalar ita ce inda guntun ya je ya sauka. Ƙwayar da abin ke faruwa da ita ita ce farar ƙwayar jini mai lamba B, wadda sana'arta ita ce ƙera furotin ɗin kariya da ke kama ƙwayoyin cuta. Babban umarnin ƙera wannan furotin yana kan kuromosom na 14, kuma a ƙwayar B shafi ne da ba a taɓa rufewa, dare da rana ana karanta shi. Idan aka ɗinke MYC a jikinsa, to shi ma ya shiga karatun da ba ya ƙarewa. Kusan kashi 80 cikin 100 na masu cutar wannan musanyen ne gare su. A sauran, MYC yakan haɗu da kuromosom na 2 ko na 22. Ɗalibi mai basira zai iya hasashen abin da ke waɗannan biyun tun kafin a gaya masa: umarnin ƙananan sassan furotin ɗin kariyar ne.

Me zai sa kuromosom ya karye tun farko? A nan akwai abin al'ajabi. Yawancin ƙwayoyin jiki tsare DNA ɗinsu suke yi daga kowane canji, amma ƙwayar B da gangan take yankawa tana gyara nata, domin ta samar da makami da ya dace da kowace sabuwar cuta. Tana da wani inzayim na musamman don wannan aiki, mai suna AID, wanda aka gano a Japan a 1999 a ɗakin binciken Tasuku Honjo. Wuƙa ce mai amfani, amma takan kauce ta yanki inda ba a aike ta ba. Yaron da maleriya ke kamawa sau da yawa a shekara, ƙwayoyinsa na B ba sa hutawa, kullum wuƙar a zare take. Yawan yanka, yawan kuskure. Bugu da ƙari, maleriya takan raunana ƙwayoyin da ke gadin bairas ɗin, sai ƙwayoyin B masu ɗauke da shi su ƙaru.

Ko da kuskuren ya auku, jiki yana da matsera. Ƙwayar da MYC ya yi wa yawa takan kashe kanta bisa tsari, kuma furotin mai suna p53 na cikin masu zartar da wannan hukunci. A nan bairas ɗin ke shigowa: yana taimaka wa ƙwayar da ya shiga ta tsallake hukuncin, domin rayuwarta ita ce rayuwarsa. Maleriya ta sa an yi kuskure, bairas ya hana a goge shi. A Afirka kusan dukkan ƙullin da aka gwada akan samu bairas ɗin a ciki. A Turai da Amurka ma ana samun wannan sankara jefi-jefi, galibi babu bairas, babu maleriya, amma karayar kuromosom ɗin tana nan. Ita ce ginshiƙin cutar, sauran biyun masu share mata hanya ne.

Duk da haka ƙwayoyi masu yawa suna mutuwa a cikin ƙullin, wasu manyan ƙwayoyi masu shara suna haɗiye gawarwakinsu. A ƙarƙashin madubi sukan fito fari-fari a tsakiyar shuɗi, shi ya sa masana ke kwatanta hoton da sararin sama mai taurari.

Lissafin ninki

Ga wani aiki da malami zai iya ba ajinsa ba tare da wani kayan aiki ba sai alli. Ƙwaya ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. Ninki 10 zai ba da 1,024. Ninki 30 zai ba da biliyan ɗaya da 'yan kai, wanda nauyinsa kusan giram ɗaya ne, girmansa kamar ƙwayar gurjiya, kuma a nan ne hannun likita kan fara jin ƙulli. Ƙarin ninki 10 kacal zai mai da giram ɗin nan kilo guda. Ke nan kashi uku cikin huɗu na tafiyar a ɓoye ake yin ta. Sankarar Burkitt na cikin mafiya saurin girma da aka sani a jikin mutum, tana iya ninkawa cikin awa 24 zuwa 48. Ajin da ya yi lissafin da kansa zai ga abin da jinkirin mako biyu ke nufi.

Irin wannan gudu yana buƙatar abinci. MYC yakan sa ƙwaya ta riƙa zuƙar sukari tana ƙona shi rabi-rabi, ko da iskar shaƙa ta wadata, halin da Otto Warburg na Jamus ya lura da shi a sankara tun shekarun 1920. A ido ɓarna ce, domin ƙwayar sukari guda ta wannan hanya ATP 2 take bayarwa maimakon kusan 30. Amma mai gini ba wuta kaɗai yake nema ba, yana neman tubali, kuma guntayen sukarin da ba a ƙone ba su ne tubalan sabuwar ƙwaya.

Saurin nata shi ne lagonta

Kafin ƙwaya ta rabu dole ta kwafi DNA ɗinta gaba ɗaya, kuma ɗaya daga cikin haruffa huɗu na DNA, wato T, ba ya samuwa sai da taimakon bitamin folet, wanda ake samu a ganyaye irin su alayyafo. Akwai inzayim da ke sabunta folet bayan kowane amfani. Maganin nan metotireset surarsa ta yi kama da ta folet ƙwarai, don haka yakan shiga gurbin a jikin inzayim ɗin ya maƙale, da ƙarfin da ya ninka na folet kusan sau 1,000. Folet ya tsaya, harafin T ya ƙare, kwafi ya tsaya, ƙwaya ta mutu. Ƙwayar da ba ta cikin rabuwa abin bai cika damunta ba. Daga nan ɗalibi zai iya fitar da illolin maganin da kansa: ɓargo, da fatar cikin baki da hanji, da saiwar gashi, domin su ne lafiyayyun sassan da ke rabuwa da sauri.

Wannan inzayim ba baƙo ba ne a gidajen ƙasar nan, ko da ba a san sunansa ba. Daraprim da aka riƙa sha duk ranar Lahadi don rigakafin maleriya, shi yake toshewa a jikin ƙwayar maleriya. Ɗaya daga cikin sinadarai biyu na Septrin shi yake toshewa a jikin bakteriya. Kulle iri ɗaya ne a halittu uku, amma ɗan bambancin sura ya sa kowanne da mabuɗin da ya fi shigarsa.

A farkon shekarun 1960 Burkitt a Kamfala da Peter Clifford a Nairobi suka fara gwada waɗannan magunguna, musamman metotireset da saikulofosfamid. Na biyun ba ya aiki sai hanta ta sarrafa shi, sannan ya ɗaure igiyoyin DNA biyu wuri guda ya hana su warwarewa. Aka ga abin da ba a saba gani ba: kumburi ya narke cikin kwanaki, wani lokaci da allura ɗaya ko biyu, wasu yaran kuma ciwon bai sake dawowa ba. A Ibadan, likitan fiɗa ɗan Kamaru Victor Anomah Ngu ya yi irin wannan aiki, kuma a 1972 yana cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker tare da Burkitt.

Narkewar da kanta tana da haɗari. Biliyoyin ƙwayoyi idan suka fashe lokaci guda sukan zubar da fotasiyam, wanda ke iya tsayar da zuciya, da kuma asid ɗin yurik da ke toshe ƙoda. Shi ya sa ake fara ƙara wa yaro ruwa mai yawa da maganin kare ƙoda kafin a soma, shi ya sa kuma aikin na asibiti ne mai gwajin jini.

A ƙasashe masu wadata, kusan yara 9 cikin 10 da ke da wannan cuta suna warkewa. A Afirka kudu da Sahara adadin yakan tsaya a kusan rabi ko ƙasa da haka, kuma dalilan sanannu ne: zuwa a makare, tsadar magani, ƙarancin jini da magungunan kare yaro daga wasu cututtuka yayin jinya, da yanke magani da zarar kumburi ya sace. Ko da yake Burkitt ya tarar da ƙarancinta a arewa mai nisa, rahotannin asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Jos sun sanya ta cikin manyan sankarorin yara. Har yanzu babu rigakafin bairas ɗin da aka amince da shi. Na maleriya kuwa ya samu: Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na farko a 2021 da na biyu a 2023, kuma Nijeriya ta fara bayarwa a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamba 2024.

Cutar ta fi kama yara 'yan shekara 4 zuwa 7, maza fiye da mata, amma takan kai har ga 'yan shekara goma sha. Malamin makaranta yakan riga likita ganinta. Kumburi ne a kunci ko gefen ido ko ciki, wanda sau da yawa ba ya zafi da fari, ba ya jin maganin ƙwayoyin cuta, yana kuma ƙaruwa daga wannan Juma'a zuwa waccan. Haƙoran da ke kansa sukan yi girgiɗi, abin da kan sa a ɗauka ciwon haƙori ne a cire, ko a ce hangum ne a zauna jira, ko a tsaga a shafa magani. A babban asibiti, siririyar allura guda ake sokawa a tsotso 'yan ƙwayoyi, a shafa a gilashi, a rina, a duba a madubi.